Na Je Tamale Ɗauko Yaya Lawal

Tun da na dawo daga Tamale ban halarci suna ko biki ba sai an ja ni gefe an ce, "Malama Hadiza, ya Gana?" Wasu so suke su ji ko da gaske ne atamfa ta fi araha a can. Wasu kuma so suke su ji abin da ya hana ni dawowa da mutumin da aka aike ni in ɗauko. Na gaji da ba da labarin gutsure-gutsure a ƙofar ɗakin mutane da takalmi a hannu, shi ya sa na zauna na rubuta shi gaba ɗaya. Maganar atamfa dai ban sani ba, ban tambaya ba.

Yaya Lawal wana ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Ya bar Funtuwa tun yana saurayi, ya yi zamansa a Tamale, ya buɗe shagon kayan babur, ya auri 'yar ƙabilar Dagomba mai suna Azara. Wata safiya yana tafe a kan babur ta unguwar Kukuo, sai wata tunkiya ta ga dama ta tsallaka titi. Tunkiyar ta tsallaka lafiya. Yaya kuwa ya bugi kwalta da gefen kansa na hagu, hular kwanonsa tana rataye a shago, inda yake sayar da irinta. Ya farfaɗo a asibiti, ya gane mutane, daga baya har ya fara takawa da sanda. Amma magana ta tafi.

Da labari ya iso, Kawu Mamman, ƙanin mahaifiyarmu, wanda shi kaɗai ya rage mana a manya, ya tara mu a zaurensa. Bai tsawaita ba. Ya ce a dawo da shi gida, nan akwai rubutu, akwai masu magani, akwai dangi. Aka duba wanda zai je. Ni ce na yi ritaya daga koyarwa, ni ce mijina ya rasu, ni ce kuma fasfona bai mutu ba. Kawu ya ƙara da cewa tunda magana ce ta ɓace, a tura wadda take da rara. Aka yi dariya. Ni ban yi ba, amma na fara haɗa kaya.

An haɗa ni da wata Hajiya Turai, 'yar kasuwa wadda ta san hanyar ciki da waje. Ta ce ba za mu zagaya ta Legas ba, za mu ratsa ta Benin da Togo. Hajiya Turai mace ce mai jiki, ba ta son surutu a mota. Kafin mu kai Kaduna na ba ta tarihin gidanmu, ita kuwa ta ba ni goro. Sai daga baya na gane dalilin goron.

A iyakar Benin aka buɗe jakata. A ciki akwai daddawa da kuka da man shanu, domin ban yarda mutum zai warke a kan miyar wasu ba. Ma'aikacin da ya kwance ƙullin daddawar ya ja da baya, ya yi wata doguwar magana da Faransanci. Na mayar masa da doguwar magana da Hausa. Muka tsaya muna kallon juna, kowa ya gamsu da abin da ya faɗa. Hajiya Turai ta zo ta ce masa kalma biyu, ya ƙulle daddawar da kansa, har da ƙarin ƙulli.

Mun kwana a zangon Jugu, a gidan wata ƙawar Hajiya. Can na fara cin cukun Fulani soyayye da suke kira wagashi, na ci har na ji kunya. Washegari motar da muka shiga zuwa garin Kara na Togo ta ɗauki mutane, da buhunan doya, da zabi a kwando. Ni aka ɗora wa kwandon a cinya, ba tare da an nemi shawarata ba. Daga Kara muka nufi iyakar Gana a Tatale, inda aka duba katin allurarmu, aka buga mana hatimi, ma'aikacin ya dube ni ya ce, "Hajiya, ka zo lafiya?" Na waiwaya in ga namijin da yake yi wa magana. Babu kowa a bayana. Daga wannan wuri har na bar Gana, "kai" nake. Hausarsu ba ruwanta da mace ko namiji, kowa "ya zo" ne, kowa "ya tafi". Da farko ina gyara musu, irin na tsohuwar malamar makaranta. Da na ga gari guda ne sai na haƙura.

Muka bi ta Yendi muka shiga Tamale da la'asar. Abin da ya fara ba ni mamaki mata ne a kan babur, wanda a can suke kira moto. Ba a baya ba, su ne da tuƙi. Na ga tsohuwa sa'ata da hijabi har ƙasa, ta goya jika, ta ɗaure kwanon talla a baya, ta wuce motarmu tana yi wa direba hon. Keke napep kuwa yalo-yalo suke ce masa, ko da fentinsa kore ne. A tasha Hajiya Turai ta damƙa ni a hannun wani mai yalo-yalo, ta ce masa unguwar Gumbihini, ta yi mini sallama da fuskar wadda ta sauke kaya.

Azara ta tare ni a ƙofar gida, ta durƙusa har ƙasa ta gaishe ni, duk da kusan sa'o'in juna ne. Haka suke gaida baƙo da na gaba. Na yi ƙoƙarin durƙusawa in rama, gwiwata ta ƙi. Ta kai ni inda Yaya yake zaune a kan kujera a baranda. Ya rame, hannun damansa yana kwance a cinyarsa kamar na aro. Da ya gan ni idonsa ya ciko, ya buɗe baki, na ga sunana yana yawo a leɓensa. Abin da ya fito shi ne, "Naa."

Na ce, "Yaya, ni ce, Dije."

Ya ce, "Naa."

Azara ta ce mini, da irin Hausarta, "Shi ke nan magana da ya rage. Safe naa, rana naa. Ko yana so ruwa, naa."

Sai da gari ya waye na gane abin da kalmar take nufi. Da "naa" Dagomba suke amsa gaisuwa. A tambaye ka kwana, ka ce naa. A tambayi gida, naa. A tambayi aiki, da sanyi, da gajiya, duk naa. Saboda haka maƙwabta sukan shigo su gaida Yaya tun daga farko har ƙarshe, ya amsa musu daidai ba kuskure, su fita suna cewa ai ya warke, taurin kai ne kawai. Wasu kuma sukan sunkuya su yi masa ihu a kunne, alhali kunnensa lafiya lau. Mafi muni su ne masu zama a gabansa suna tattauna shi da Azara, ko zai tashi ko ba zai tashi ba, kamar suna magana a kan tsohuwar mota. Ran nan ina kallo ya ɗauki kofin shayi da hannun hagu ya jefi bango. Baƙin suka ce ai ga shi nan, ƙwaƙwalwar ta taɓu.

Ni kuwa na kama aikin da aka turo ni. Na zauna kusa da shi na kwararo masa labarin Funtuwa: wanda ya mutu, wanda ya yi aure, wanda ya tsaya takara ya faɗi. In ya buɗe baki yana laluben kalma, sai in taimaka in faɗa masa ita, in ba ita ba ce in kawo wata. Azara tana kawo mana abin da suke kira tuwo zafi, kamar akwai mai neman mai sanyi, da miyar ayoyo, wato lalo, ina ci ina ci gaba. Ba a daɗe ba Yaya ya koyi juya kujerarsa ta fuskanci bango in ya ji takuna.

Ranar zuwa asibiti muka shiga yalo-yalo mu uku. Akwai wata ma'aikaciya da aikinta ke nan, koya wa waɗanda suka rasa magana yadda za su dawo da ita. Sunanta Madam Ajuwa, 'yar kudancin Gana ce, Kirista, Hausarta ta kasuwa ce. Ta ce irinsu ba su da yawa, shi ya sa layinta yake da tsawo. Ta gaida Yaya shi da kansa, ta tambaye shi ko ya yarda in zauna. Ya daɗe yana tunani, fiye da yadda na so, kafin ya gyaɗa kai.

Ta ɗora kofi a kan tebur ta ce, "Alhaji, mene wannan?"

Yaya ya tattara goshi, leɓensa yana rawa. Na ce, "Kofi ne, Yaya. Ce kofi."

Madam Ajuwa ta juyo ta ce, "Anti, na san ka iya. Ba kai ne ya faɗi a moto ba."

Na kama bakina. Ta koma kansa ta jira. Ta jira har na fara jin ƙarar fanka. Sannan ta yi alamar kai kofi baki, ta ce a hankali, "Ko..." Yaya ya ce, "Ko... kofi." Muryarsa ce, wadda na sani tun ina yarinya. Na duba ƙasa, na gyara ɗaurin zanen da bai kwance ba.

Bayan an gama ta zaunar da ni da Azara, Yaya yana nan yana ji, domin ta ce ba ta maganar mutum a bayansa. Ta ce hankalinsa yana nan, ya san kofi, ya san abin da ake yi da shi. "Magana yana ciki. Hanya ne ya lalace. In kullum kai ne ka faɗa masa, hanya ba zai gyaru ba." Ta ce in riƙa yi masa gajeriyar magana, abu ɗaya a lokaci ɗaya, rediyo a kashe, mutum ɗaya yana magana. In ya maƙale in jira. In jiran ya yi yawa in ba shi farkon kalmar kawai, ko in nuna da hannu. In ya nuna abu da yatsa ko ya zana, wannan ma magana ce, a karɓa. Ta ce a yi kaɗan-kaɗan amma kullum, da safe kafin ya gaji, in ya gaji a bari. Ta kuma raba mana aiki: Azara da Dagbanci, ni da Hausar gida, tunda da duka biyun yake rayuwa. Na tambaye ta yaushe zai warke sarai. Ta ce ba ta sani ba, kuma duk wanda ya ba ni rana ƙarya yake yi. Wasu suna dawowa sosai, wasu rabi, amma mai yin aiki yana ƙaruwa.

A nan na gaya mata abin da ya kawo ni, cewa dangi sun ce in tafi da shi. Ta ce, "Ka tambaye shi?" Na ce ai ko na tambaya naa zai ce. Ta ce to, aikinmu na farko ke nan, ya samu "i" da "a'a" da za a dogara da su, sannan a yi masa babbar tambaya.

Na koma gida da himma. Washegari na samo allo da alli, na tsaya a gabansa na ce, "Maimaita bayana: ba, bi, bu." Yaya ya dube ni, ya dubi allon, ya miƙa sandarsa ya ture shi ƙasa a hankali, ba ko fushi. Da na kai ƙara wurin Madam Ajuwa ta ce ba ɗan aji ɗaya ba ne, dattijo ne mai shago, in kawo masa abin da ya shafe shi. Sai Azara ta je shagon da ke Changli ta ciko kwali da fulogi da sarƙa da madubi da takalmin birki. Nan fa idon Yaya ya buɗe. Ni ce ban san sunayensu ba. Na ɗaga wani ƙarfe na ce, "Wannan birki ne?" Ya girgiza kai da ƙarfi, da irin kallon da yake yi mini tun muna yara, ya ce, "A'a." Azara ta saki muciya ta fito da gudu. A'a ɗinsa ta farko ke nan, kuma a kaina ta faɗo.

Akwai abubuwan da suka ba ni mamaki. Mutumin da ba ya iya cewa ruwa, in ya tayar da salla sai Fatiha ta fito tiryan-tiryan. In ka ce masa "Assalamu", sai ya ƙarasa. Na ɗauka waraka ce, Madam Ajuwa ta ce abin da baki ya saba da shi yana da tasa hanyar, ana kuma hawa kansa a kai ga sauran. Wata rana kuma ta nuna masa hoto, ya yi ta cewa "gya... gya", ta ce ya daɗe yana wannan, gujiya ce take ba shi wuya. Na leƙa hoton na ce ai gyaɗa ce, haka muke ce mata a gida. Ta yi dariya har da tafi, ta ba shi haƙuri. Yaya ya kaɗa kai kamar wanda aka daɗe ana zalunta a kotu.

Ba kullum ake ci gaba ba. Akwai ranar da kalmar da ya samu jiya take ɓacewa, ya ce wa Azara Dije, ya ce wa shayi fetur, ya ji da kunnensa cewa ba daidai ba ne amma ya kasa gyarawa. Irin wannan rana yakan rufe ido ya ƙi kowa. Na koyi in zauna kusa da shi ina tsince wake, ba na cewa komai. A shekaruna ban taɓa yin aiki mai wuyar wannan ba.

Da ya ɗan yi ƙarfi Madam Ajuwa ta ce a riƙa kai shi shago da safe ya zauna, domin magana a tebur ɗinta daban, magana da mai ciniki daban. Ran nan wata mata ta tsaya da babur ɗinta yana wani ƙara. Yaya ya saurara, ya nuna ƙasan babur ɗin da sanda, ya ce, "Birki." Ya girgiza kai. "A'a. Ba... ba birki." Kalmar tana bakina, har na ji ɗanɗanonta. Na danne ta da goro. Matar ta kashe injin ta tsaya, ba ta ƙosa ba. Can ya ce, "Sar... ƙa. Sarƙa. Ta saki." Matar ta ce, "Alhaji, haka ni ma na ce, makanike ya ce ba shi ba." Yaya ya yi tsaki. Tsakin bai samu rauni ba ko kaɗan.

Sai da muka tabbatar "i" ɗinsa i ce, "a'a" ɗinsa a'a ce, ta hanyar tambayarsa abubuwan da muka san amsarsu, sannan na yi masa tambayar da ta kawo ni. Da safe ne, bayan ya karya da koko da ƙosai, Azara tana zaune. Na ce, "Yaya, Kawu ya ce ka dawo Funtuwa. Kana so?" Ya daɗe. Ya ce, "A'a." Na juya tambayar, kamar yadda aka koya mini. "Kana so ka zauna a Tamale?" Ya ce, "I." Ya nuna Azara, ya nuna hanyar shago, ya nuna bakinsa. Na sake tambaya wata safiyar, amsar ba ta canza ba. Azara ta tashi ta shiga ɗaki, na ji tana fyace hanci. Ashe tun ranar da na sauka take kwana da tsoron za a raba ta da mijinta, amma ba ta fasa ba ni cinyar zabo ba.

Na dawo ta hanyar da na bi, ni kaɗai. Jakata ta fi sauƙi, ba wanda ya buɗe ta.

Kawu Mamman ya sa aka kira ni zaure tun ban huta ba. Ya dubi bayana ya ce, "Ina yake?" Na ce ya ce ba zai zo ba. Kawu ya ce, "Mutumin da ba ya magana ne ya ce? Hadiza, ke dai kika ce." Na ce to bari ya ji da kunnensa, amma da sharaɗi: in ya yi tambaya ya yi shiru, kada ya taimaka, kada ya ɗaga murya. Kawu ya ce shi za a koya wa waya?

Na kira Azara, ta miƙa wa Yaya, na buɗe muryar wayar kowa yana ji. Kawu ya yi sallama, Yaya ya amsa cikakkiya, har Kawu ya gyara zama. Ya ce, "Lawal, me zai hana ka dawo gida?"

Shiru. Ana jin kukan akuya daga can Gumbihini. Wani ɗan'uwanmu ya ce layin ya yanke. Na ɗaga masa hannu. Kawu ya buɗe baki, na dube shi, ya rufe. Ina jin numfashin Yaya, ina jin yadda yake laluben kalmar yana saki yana sake kamawa.

"Kawu," in ji shi. "Ina... ina... aiki."

"Aikin me?" in ji Kawu, a hankali wannan karon.

Aka sake jira.

"Magana."

Kawu ya daɗe yana kallon wayar. Ya cire hularsa ya shafa kai ya mayar. Sannan ya matso da bakinsa kusa da ita ya ce, "To, Allah ya taimaka, Lawal. Ka gaida Azara." Ya miƙo mini wayar ba tare da ya dube ni ba, ya ce a kawo masa buta, lokacin salla ya yi, alhali da saura.